Masu Amshin Ngo Loyis

Waƙoƙin Kirsimeti na tsaunin Filato sun daina mutuwa tun ranar da Dokta Davou Chollom ya buɗe guruf a WhatsApp. Shi da kansa ya sanar da haka daga Ingila, kuma yana tsakiyar sake sanarwa ne, ta cikin wayar da Anayo ya jingina da gwangwanin madara a kan teburin Ngo Loyis, sai zakara ya yi cara a tsakar gida.

"Mene ne wannan?" in ji Dokta.

"Zakara ne, oga."

"Na san zakara ne. Me yake yi a cikin tarihi?"

Anayo ya fita ya bi zakaran, ya kama shi a bayan randa, ya kifa masa kwando ya rufa tsohon zane a kai. Daga nan ya wuce zaure, inda Ummusalma take da injin markaɗe. Ya tsaya yana yi mata nuni da hannu, domin a kusa da injin nan ko sunanka aka kira ba ka ji.

Ta rage wuta. "Baban Adaugo, lafiya?"

"Maman Ashraf, don Allah ka kashe mana shi kaɗan. Za mu ɗauki muryan Mama."

Anayo mai gyaran waya ne, a gidan nan na unguwar Kwararafa aka haife shi, iyayensa suka zo daga ƙasar Ibo. Hausarsa irin ta titin Jos ce, wadda ba ta ɓata lokaci wajen raba mace da namiji. Ummusalma ta yi shekara da shekaru tana gyara masa, daga baya ta bar wa Allah.

"Kaɗan ɗin nawa ne?" ta ce. "Ka ga layin bokitai."

"Waƙa ɗaya ne kawai."

Ta kashe. Shiru ya sauko wa gidan har aka ji famfo na ɗiga. Gida ne na haya mai ɗakuna a jere, ɗaya daga cikin waɗanda rikice-rikicen Jos suka kasa raba mutanensu. Masu zuwa bincike daga jami'a sukan ce ƙauna ce. Mazauna gidan sun san babu wanda ya sami inda ya fi arha.

Ngo Loyis tana zaune a bakin gado cikin rigar sanyi biyu da ɗankwalin zumuntar matan coci, wanda ta sa aka goge mata musamman. Tsohuwa ce 'yar Birom, ta yi aikin tatsar shanu a Vom tun tana budurwa, kuma a can ta koyi waƙoƙin da mata kan bi gida gida da su a makon Kirsimeti, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, da tulu da caki. Abokan waƙarta duk sun riga ta gidan gaskiya. Matan coci na yanzu sun koma bin kiɗan lantarki. 'Yar ƙanwarta Magadaliya, wadda ke jinyarta, ita ta yi kuskuren faɗa wa wani a coci cewa innarta ta san waƙoƙin da, shi kuma ya faɗa wa wani, har magana ta kai Ingila. Ba a yi kwana uku ba Anayo ya wayi gari ya ga an naɗa shi Jami'in Fasaha na Shiyyar Jos ta Arewa, saboda shi ne mai waya biyu. Ta biyun ma ta wani kwastoma ce da ya kawo gyara bai dawo ba.

"Ngo, barka da rana," in ji Dokta. "Kin fahimci tsarin? Ke za ki bayar. Mu za mu amsa. Mutum ɗari, daga ƙasashe daban daban."

"Ɗari?" Ta dubi ɗakinta. "To. Allah ya kawo su lafiya."

"Amma sharaɗi ɗaya. Kada kowa a ɗakin nan ya buɗe baki. Muryarta kaɗai muke so, tas. Anayo, ka ji?"

"Na ji, oga."

Anayo ya danna ɗayar wayar, ya ɗaga wa tsohuwar yatsa. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, sai wata murya siririya mai kaifi ta fito, wadda ba ka ce daga wannan ƙirjin take ba.

"Wa ya kunna fitila a garken shanu?"

Ta tsaya. Ta dubi Anayo. Anayo ya dubi gwangwanin madara. Amshin yana kan harshensa. Yana yaro ya sha bin matan nan daga ƙofa zuwa ƙofa saboda cincin, kuma wanda ya bi cincin shekara bakwai dole wani abu ya maƙale masa. Ba mu ba ne, daga sama ta zo. Ya danne shi kamar mai danne tari a gaban fasto.

Ta dubi Magadaliya. Magadaliya ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙofa, ta jira, ta ƙara jira.

"Ba su iso ba ne?"

"Ci gaba, Ngo, ci gaba!" in ji Dokta.

"In ci gaba da me? Na yi tambaya ba a ba ni amsa ba."

Aka shiga bayani. Dokta ya yi da Hausa, ya yi da Turanci, ya jarraba da Birom ya ga ta guje masa, ya dawo Hausa. Za a tura muryarta guruf. Kowa zai sa abin kunne a ɗakinsa, ya saurara, in ta tsaya ya cika gurbin da amshi, ya turo. Wata injiniya a Kanada za ta ɗinke muryoyin su zama ɗaya. Kafin Kirsimeti Ngo za ta ji mutum ɗari suna amsa mata.

Ngo Loyis ta saurara da kyau, tana gyaɗa kai a duk inda ya dace.

"To na gane," ta ce. "Sun tsaya a hanya. Bari in yi musu su ji kafin su ƙaraso."

Haka aka ɗauki waƙar farko. Tana bayarwa, tana tsayawa, tana sauraren ƙofa. Waƙa ɗayar da aka yi wa Ummusalma alkawari ta ci rabin yini.

Da Dokta ya kashe, tsohuwar ta jawo hannun rigar Anayo.

"Ɗana, zakaran nan da ka kifa wa kwando, ka buɗe shi ya sha iska. Nasu ne. Mutum ba zai yi maka waƙa a ƙofa ya tafi da baki a bushe ba."

"Mama, a cikin waya za su amsa fa."

"Ko a cikin tulu za su amsa, ai suna da ciki."

Guruf ɗin ya karɓi muryar da kuka da addu'a da hotunan hannaye a haɗe. Daga nan aka shiga aiki, wato aka shiga gardama. Wata ma'aikaciyar jinya a Amurka ta ce a Bukuru ba "daga sama ta zo" ake cewa ba, "daga sama ta sauko" ne, kakarta ce shaida. Wani lauya a Abuja ya ce kakarsa ta girmi kakarta. Mutanen Pankshin suka ce tun farko waƙar tasu ce aka sace. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya rabu biyu a kan launin tambarin guruf. Wayar Anayo ba ta daina ƙara ba, ko yana tsakiyar narka dalma a kan wayar mutane, kuma duk saƙon da ya buɗe sai ya fi na baya rikitar da shi. Wani lokaci yakan karanta sau uku bai gane ko zagin sa ake yi ko yabo ba, sai ya tura hoton babban yatsa, wanda ya lura yana shiga ko'ina.

A tsakanin nan ana ta ɗauka. Duk bayan kwana biyu zakara ya shiga kwando, Ummusalma ta kashe inji, yara a kora su waje. Har ta kai ba sai an roƙe ta ba, duk da ƙarar injin, da ta ji tsohuwar ta yi gyaran murya sai ta kai hannu.

"Ni dai ban san ladan wa nake tarawa ba," takan ce. "In an raba a lahira, ku tuna da tattasaina."

Tsayawar Ngo Loyis kuwa kullum ƙara tsawo take yi. Rabi jira ne, rabi numfashi ne da ya fara yi mata gardama. Anayo yana ganin yadda ƙashin wuyanta ke ɗagawa kafin kowane baiti. Dokta ma ya lura da tsawon, ya rubuta dogon saƙo a kai. Ya ce wannan shi ne Shirun Filato, wata tsohuwar hikima da Turawan mishan suka kasa ganewa, inda mai waƙa ke barin fili don tsaunuka su yi magana. Ya umarci kowa ya ja amshinsa ya cika filin. Mutane a ƙasashe da dama suka shiga banɗakunansu, inda aka ce murya ta fi fita, suna jan "ta zooo" har idonsu ya yi ruwa.

Anayo ya rubuta, "Oga, ina ga ba shi da lafiya ne." Ya duba, ya ga an riga an yi wa saƙon Dokta tafi ya fi hamsin. Ya goge nasa ya tura babban yatsa.

Kullum da safe kafin ya buɗe shago yakan leƙa ta. Tambayarta ɗaya ce.

"Sun amsa?"

"Suna zuwa, Mama. Sabis ne ba kyau."

"Wannan Sabis ɗin, ɗan wane ne? Kullum shi ke tare hanya."

Ta sa Magadaliya ta soya cincin ta cika bokiti mai murfi. Ta sa aka wanke tsofaffin kofunan silba. Ta aika a tambayi Malam Datti tela, mijin Ummusalma, ko zai ara mata bencin shagonsa ranar da baƙi za su zo, kuma ya shirya wuƙarsa. A gidan nan duk naman Kirsimeti Malam Datti ke yankawa, don kowa ya ci ba tare da tambaya ba. Magadaliya ta tare Anayo a bakin famfo, idonta jajir.

"Baban Adaugo, likita ya ce mu kai ta gida mu ba ta abin da take so. Ka san ma'anar wannan. Abu ɗaya take so. Yaushe za su gama?"

"An ce ranan jajiberi za a saki."

"Jajiberi." Ta kashe famfon. "Kai kana ganin ta da idonka ai."

Ran nan da yamma ya karya doka. An hana kowa kunna wani abu kafin ranar ƙaddamarwa, amma ya zaɓi saƙon wani bawan Allah a Amurka da ya turo nasa amshin da wuri, ya kai wa tsohuwar.

"Mama, ga ɗaya ya iso. Ka bayar."

Fuskarta ta washe. Ta bayar. Anayo ya danna, wayar ta tsaya tana juya ɗan da'irarta. Da ta gama juyawa sai wata murya mai kauri ta fito ita kaɗai, tana amsa kuwwa a cikin tayil, tana jan kalma kamar ana zare mata hanji.

Ngo Loyis ta saurara har ƙarshe.

"Wannan wa ya mutu masa?"

"Amshi ne, Mama."

"Mutum ɗaya? Shi kaɗai a rami?" Ta girgiza kai. "Ka ce masa ya yi haƙuri, ya jira 'yan'uwansa. In ya zo a fara ba shi abinci."

Waƙa ɗaya ta rage, wadda ake rufe yawo da ita a gida na ƙarshe. Ngo ta ƙi yin ta tun farko, ta ce ba a yin ta sai mutane sun taru. Dokta ya bincika ko'ina bai sami wanda ya san baitocinta ba, amshin kawai wasu ke tunawa. Ya kira ta Uwar Waƙoƙi, ya sa ta a sanarwar ƙaddamarwa tun ba a ɗauka ba. Da Magadaliya ta rubuta a guruf cewa jikin inna ya yi tsanani, aka turo addu'o'i masu yawa, Dokta kuma ya kira Anayo shi kaɗai.

"Ka ga dalilin da ya sa nake cewa lokaci ba ya jira? Gobe. Ko tana kwance ne. Kuma ka ji ni da kyau, Anayo, ba za a sami dama ta biyu ba. In ƙuda ya yi tari a ɗakin nan, kai zan tambaya."

Washegari da hantsi aka kifa kwando. Ummusalma ta kashe inji ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da robar markaɗe a hannu. Magadaliya ta tada innarta ta jingina ta da filo uku. Ɗakin yana warin man zafi. Tsohuwar ta ƙanƙance, ɗankwalin zumunta ya yi mata yawa har yana rufe mata gira. Anayo ya jingina Dokta da gwangwanin madara, ya riƙe ɗayar wayar dab da bakinta.

"Ngo," in ji Dokta, "yau za ki shiga tarihi."

"Sun zo?"

Ta dubi Anayo.

"Ɗana, sun zo?"

Anayo ya buɗe baki zai kira sunan Sabis, ya kasa. "Sun zo, Mama."

"To." Ta lumshe ido. Ta daɗe tana tara numfashi. Abin da ya fito bai fi zare kauri ba.

"Baƙo ya sauka, ba shi da tabarma."

Ta tsaya. Ba ta dubi kowa ba wannan karon, kunne kawai ta karkata wajen ƙofa. Famfo yana ɗiga. A titi wani mai keke yana danna oda. Anayo yana kallon lambobin wayar suna tafiya, yana kallon leɓenta da ke motsi kaɗan kaɗan, kamar tana taya masu zuwa tuna kalmomin. Ya ga lokacin da kanta ya fara komawa kan filo.

Anayo ba mawaƙi ba ne. A cocinsu sau biyu shugaban mawaƙa yana roƙonsa ya taimaka ta fannin ɗaukar kujeru. Muryarsa ta fashe a ɗakin kamar an ja tebur a kan siminti.

"Ga tawa, ga tawa, shimfiɗa masa!"

Idon tsohuwar ya buɗe.

"Wane ne wannan?" in ji gwangwanin madara. "Shiru! Anayo! Wa ke amsawa?"

"Baƙo ya sauka, ba shi da ruwan sha."

"Ga nawa, ga nawa, miƙa masa!" Wannan karon da Magadaliya, tana yi tana kuka.

"Ku tsaya! Kuna lalata... Anayo, ina magana!"

Anayo ya miƙa hannu ya kifa Dokta a kan tebur. Da ya ga har yanzu tebur yana magana, sai ya ɗora masa Littafi Mai Tsarki na tsohuwar, babba mai bangon fata. Ɗayar wayar kuwa bai san lokacin da ya ajiye ta a kan bargo ba, domin waƙar tana bukatar tafi.

Baitocin suna da yawa, fiye da yadda ya tuna. Baƙon nan ba shi da wuta, ba shi da zane, ba shi da mai rakiya, ba shi da sunan da za a kira shi. Duk abin da ya rasa, ɗakin ya ce ga nawa. Muryar Ngo ta ɗan tashi, tsayawarta ta gajarta, har tana shigowa kafin su rufe baki, tana harararsu in sun yi nawa. Daga bakin ƙofa wani sauti ya shigo yana riƙe musu ƙafa, tim, tim-tim. Ummusalma ce da gindin robarta. Malam Datti ya fito daga shago da igiyar awo a wuya yana tambayar ko lafiya.

Da aka kai ƙarshe, tsohuwar ta koma kan filo tana haki, goshinta da gumi a cikin sanyin Disamba.

"Kun makara," ta ce.

"Ka yi haƙuri, Mama."

"Ni dai ban yi waƙa ba," in ji Ummusalma. "Ku zama shaida. Roba nake kakkaɓewa."

Ngo Loyis ta bi ɗakin da kallo, ta ƙirga su da ido, ta ga lissafi bai cika ba.

"Ina sauran?"

Anayo ya dubi Magadaliya. Magadaliya ta dubi rufin ɗaki.

"Suna waje, Mama. Ɗakin ya yi kaɗan."

"Haka ne." Ta gyaɗa kai. "Magadaliya, a ba su cincin. Malam, ga zakara can."

Malam Datti ya yanka shi a bakin magudana, ya fuskantar da shi gabas. Kafin la'asar gidan ya cika da ƙamshi. Yaran da aka kora suka dawo suka sami bokitin cincin a buɗe, ba su tambayi dalili ba. Ngo ta sha romo cokali biyu, ta ce gishiri ya yi yawa, ta yi barci.

Sai da Anayo ya koma shago ya saurari abin da aka ɗauka. Baitin farko ya fito tas. Bayansa babu komai sai shi, yana ruri, da shessheƙar Magadaliya, da tafi, da gogar bargo. Can ƙasa, in ka matse wayar a kunne, kana jin wani abu siriri yana wucewa, amma ba ka kama kalma. Ya zauna ya yi ƙoƙarin tuna baitocin a jere. Tabarma, ruwa, wuta. Daga nan sai su cakuɗe. Ya tambayi Magadaliya, ta ce ita kuka take yi. Amshi kowa ya riƙe. Abin da ake amsa wa ne babu.

Ya tura wa guruf yadda yake, domin bai san abin da zai yi da shi ba.

Bai taɓa ganin Bukuru da Pankshin sun yarda da juna ba sai ran nan. Lauyan Abuja ya yi maganar ɓarnatar da kayan tarihi. Injiniyar Kanada ta ce ta gwada duk dabararta, muryar mutumin nan ba ta cirewa. Wata ta tambaya ko da gangan aka sa wanda ba ɗan ƙasa ba a kan wannan aiki, wani ya ce a bar wannan maganar, aka shiga wannan maganar. Dokta ya turo saƙon murya mai tsawo, cikin nutsuwa, wanda ya fi faɗa ciwo. Ya ce waƙa ta rayu shekaru aru aru, ta tsallake Turawan kuza da yaƙi da rikici, ta zo ta mutu a hannun mai gyaran waya. Ya ce a sake ɗauka gobe. Anayo ya saurara sau biyu. Ya nemi inda mutumin ya yi ƙarya, bai samu sosai ba. Ya kai yatsa kan hoton babban yatsa, ya fasa.

Ba a sake ɗauka ba. Washegari Ngo ba ta yi magana ba, kuma ba ta tambayi ko sun amsa ba. Kwana biyu bayan haka, da safe, Anayo yana ɗaure igiyar takalmi sai ya ga Magadaliya tsaye a tsakar gida da kofin kunu cike a hannu, tururi na tashi.

"Baban Adaugo, zo ka gani. Ban gane ba."

Ya shiga. Tana kwance ta gefe, fuskarta wajen ƙofa, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Ya kira ta. Ya taɓa wuyanta kamar yadda ya ga ana yi, bai san abin da ya kamata ya ji ba. Ya fita ya kira Ummusalma. Ita ce ta duba sau ɗaya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shafe idanun, ta karɓi kofin daga hannun Magadaliya kafin ya zube.

A Vom aka binne ta. Suna cikin motar dawowa, an matse Anayo tsakanin Malam Datti da buhun dankali, saƙo ya shigo. An gama ɗinkin da wuri, don girmamawa. Ya sa abin kunne. Jawabin Dokta ya fi waƙar tsawo. Bayansa Ngo Loyis ta tambayi wanda ya kunna fitila a garken shanu, sai muryoyi suka taso kamar ruwan sama a kan kwano, maza da mata, ɗari ko fiye, suka ce ba su ba ne. Abin ya yi kyau. Anayo ya so ya ce bai yi ba, amma ya yi, har tsigar jikinsa ta tashi. Ya fara rubuta haka, sai ya ga wurin rubutun ya ɓace. A ƙasa an sa, da ƙananan baƙaƙe, cewa Dokta Davou ya cire shi daga guruf.

"Lafiya?" in ji Malam Datti.

"Sun amsa," in ji Anayo.

"Su wa?"

Anayo ya cire abin kunnen ya naɗe shi a yatsa.

Ranar jajiberin Kirsimeti ita ce babbar ranar injin markaɗe. Tun da sassafe bokitan tumatir da tattasai suka yi layi daga zaure har titi, mata na rigima a kan wadda ta riga wata. Da hantsi kwastoman nan mai wayar ya kira, bayan wata da watanni, ya ce yana zuwa karɓa. Anayo ya zauna a dakalin ƙofar Ngo Loyis, wadda aka riga aka sa wa kwaɗo, yana kwashe abin da ke ciki kafin ya goge. Yatsansa ya taɓa ɗauka ta farko, wadda ba a ɗinka wa kowa ba.

Daga cikin wayar, tsohuwar ta yi gyaran murya.

A zaure injin ya mutu.

"Haba Maman Ashraf! Man ne ya ƙare?"

"Miyata fa tana jira!"

Ummusalma ta dubi hannunta a kan makashin injin kamar na wata. Ta leƙo tsakar gida, ta ga Anayo, ta ga kwaɗon ƙofar. Ta kama igiyar tayarwa ta naɗe a hannu.

"Wa ya kunna fitila a garken shanu?"

Shiru ya biyo baya, mai tsawo, da ɗigar famfo a ciki. Anayo ya sunkuya a kan wayar.

"Ba mu ba ne," ya ce ƙasa ƙasa, "daga sama ta zo."

Wata mata ta yi tsaki ta ɗauki bokitinta ta nufi injin bakin titi. Ta bayanta ta bi ta, sai wata. Ummusalma ta jawo wani bokiti da babu komai a ciki, ta kifa shi ta zauna, igiyar tana hannunta, tana kallon layin yana raguwa, tana jiran baiti na gaba.